Muƙamuƙin Jaki

Da ƙafa Na'Allah ya kamo ta ya jawo ta daga ƙarƙashin gado. Rahinatu ta riƙe ƙafar gadon da hannu biyu, gadon ya biyo ta, kwanukan uwarta da ke jere a gefe suka zube suna ƙara. Bai saurara ba. Ya ɓamɓare yatsunta, ya ja ta har tsakar gida, ya yar da ita gaban turmi.

"Tashi ki sa kaya."

Yau ce rantire, ranar da ake komawa lakwal, wato makarantar boko, bayan hutun damina. Tun da rana ta leƙo yaran unguwa ke wucewa ta ƙofar gida, an shafe su da mai, kowa da jakarsa. Shi kuwa Na'Allah mahauci ne, awakinsa na ɗaure a mahauta suna jiran wuƙa, masu tuwon kasuwa na jiran nama, ga shi nan tsaye yana kokawa da yarinyar da ba ta kai masa ƙirji ba.

"Na ce tashi!"

Ba ta tashi ba. Ta dunƙule kamar bushiya, ta rufe kai da hannuwa. Ya ɗago ta da wuyan riga ya sharara mata mari. Ya ƙara. Na biyun ya fasa mata leɓe.

Hawwa'u, uwarta, ta baro murhu da gudu ta faɗa tsakaninsu.

"Malam, kashe ta za ka yi? Ɗiyar ga ba ta da lahiya, ka sani!"

"Ba ta da lahiya ran rantire kaɗai? Kauce."

"Ba na kaucewa."

Ya ture ta da kafaɗa, ta yi taga-taga ta dafa bango.

Maganar gaskiya, ya san yarinyar ba ta da lafiya. Tun da aka fara girbin hatsi take ramewa. A zuba mata tuwo ta tsakura ta ture. Ta ce ciki, ta ce kai. An kai ta likita, aka ba ta ƙwayoyin masassara, ta shanye, ba abin da ya sauya. Ranar da ya shigo da sabbin kaye, littattafan rubutu, da bik, wato biro, da alli ya aje mata a gaba yana jiran murna, sai ta juya bayan ɗaki ta yi amai. Wannan abu ya tsaya masa a rai. Shi ko ƙofar lakwal bai taɓa takawa ba, kuma ba ya jin kunyar hakan, amma Rahinatu ce kawai abin da yake bugun ƙirji da shi a mahauta. Ita ke karanta masa saƙo a waya. In an zo gardamar Faransanci sai ya ce a bari ɗiyarsa ta taso. Yanzu a ce ita ce ke ɓuya ƙarƙashin gado kamar 'yar ɓarauniya?

Ya fara kwance ɗamarar fatar da ke ƙugunsa. Rahinatu ta ga ɗamarar, ta kelaya ruwan koko a kan ƙafarsa.

A lokacin ne Hawwa'u, da ta shiga ɗaki tsince kwanuka don kada ta ga dukan, ta ƙwala salati.

Ta fito riƙe da wani ƙunshi a nesa da jikinta. Tsohon ɗankwalin Rahinatu ne, an naɗe wani abu a ciki an ƙulle da kyau. Gadon da ya goce ne ya tone shi, an cusa shi a kusurwa, daidai inda yarinyar ke sa kai. Na'Allah ya fizge ya warware.

Ƙashi ne. Dogo, ya yi baƙi don shan hannu, haƙora jere a jikinsa. An huda shi an zura jar igiya. Gefe guda kuma duk zane-zane ne na bik, wasu kan wasu.

Mutumin da ya tashi cikin ƙashi ba a yi masa gardamar ƙashi. Ya juya shi sau ɗaya ya gane. Ba na sa ba ne, ba na raƙumi ba. Muƙamuƙin jaki ne.

"Innalillahi," in ji Hawwa'u. "A ƙarƙashin kanta, Malam. A ƙarƙashin kanta take kwana da shi."

Rahinatu ta zabura ta kai hannu za ta ƙwace. Ya ɗaga shi sama. Ta rungume ƙafarsa tana kuka irin wanda numfashi ke sarƙewa.

"Baba ba ni! Don Allah ba ni! Sam… sambol ne, Baba…"

"Mi kinka ce?"

"Sam… sam…"

"Sammu ne? Na ga sammu ne, ba makaho ne ni ba. Wa ya ba ki?"

Ta girgiza kai. Ya damƙi kafaɗarta ya jijjiga ta har haƙoranta suka haɗu.

"Wa?"

"Zuhura ce… saboda Zuhura…"

Ya sake ta.

Zuhura ƙawarta ce, ajinsu ɗaya, ɗiyar Agali maƙwabcinsu, wanda zana kaɗai ta raba gidajensu. Iyayen Agali daga arewa suka gangaro, wajen Azagor, shekarar da bisashensu suka ƙare. Shi ya tashi a nan Dakoro, yana sayar da ruwa a amalanken jaki. Da damina jakinsa ya ɓarke zanar ya shigo ya cinye kuɓewar Hawwa'u. Na'Allah ya tarar da shi ya narka masa taɓarya a gadon baya. Jakin bai ƙara jan amalanke ba, ya kwanta ya mutu. Agali bai kai ƙara gun kowa ba. Ya dai leƙo ta ɓarakar zanar, ido kaɗai ake gani cikin rawani, ya ce, "Ba komi, Na'Allah. Kai ma kana da abin da kake so."

A lokacin dariya ya yi. Yanzu ga muƙamuƙin jaki a hannunsa, ga ɗiyarsa ta koma ƙashi da fata.

Ya nufi inda wuƙaƙensa ke rataye. Hawwa'u ta riga shi, ta kwashe su ta rungume a ƙirji ta juya masa baya. Bai tsaya kokawa da ita ba. Ya ɗauki ƙotar gatari da ke jingine a bakin zaure ya fita. Rahinatu na bayansa tana ihu, "Baba ba haka ba ne! Baba tsaya!" Uwarta ta riƙe ta gam, tana tofa mata addu'a a ka.

Ya san inda zai same shi. Kowace safiya Agali na bakin pampo yana cika bido, manyan jarkokin ruwa. Can ya tarar da shi, ya duƙa yana ɗora ɗaya a kan amalanke, sabon jakin da ya karɓo aro na tsaye yana kaɗa kunne. Mata sun yi layi da bokitai. Zuhura na zaune a gaban amalanken cikin kayan lakwal, tana jira uban ya sauke ta a hanya.

Na'Allah bai yi sallama ba. Ya saukar masa da ƙotar a kafaɗa.

Bidon ya faɗi ya fashe, ruwa ya malale. Agali ya juyo bai gane mi ke faruwa ba, ya ɗaga hannu ya kare kai. Duka na biyu ya sauka a damtsen hannun. Kowa da ke wurin ya ji ƙarar, irin ta busasshen kara in an taka. Agali ya durƙusa cikin taɓo, bakinsa buɗe, murya ba ta fito ba.

"Matsafi! Ɗiyata za ka kashe a kan jaki?"

Ya kama rawaninsa ya fizge. Rawanin ya warware ya bar kan dattijo a fili, furfura da sanƙo, gaban mata da yara. Agali ya manta da karyayyen hannu, ya kai mai lafiyar yana neman rufe bakinsa. Na'Allah ya sa gwiwa ya doke shi a fuska. Jini ya ɓalle masa ta hanci. Ya faɗi rigingine, Na'Allah ya hau ruwan cikinsa, ya dangwara masa ƙashin a ido.

"Ka san wanga? Ka san shi ko ba ka san shi ba?"

Mata na ta kururuwa. Zuhura ta diro daga amalanke ta kama rigar Na'Allah ta baya tana ja, ya yarfe ta ta faɗa cikin ruwa. Wasu 'yan kabu-kabu biyu suka yar da babura suka rugo, ɗaya ya shaƙo shi ta wuya, ɗaya ya murɗe hannun da ke da ƙotar. Sai da na uku ya zo kafin suka ɗaga shi. Yana ta fizga yana zagi, ya ɗaga ƙashin sama don kowa ya shaida.

"Ku duba! Ku duba abin da anka binne ma ɗiyata a ƙarƙashin kai!"

Akwai ayarin 'yan lakwal da suka tsaya kallo a gefen hanya, suna ta surutu kamar tsuntsaye. Da ƙashin ya tashi sama, sai surutun ya ɗauke ɗif. Wani ƙaramin cikinsu ya rufe bakinsa da hannu. Na gaba suka ja da baya suna taka na baya. Na'Allah ya ga haka ya ƙara tabbata, har yara sun san mugun abu.

Shafa'atu mai pampo ce ta matso. Mace ce mai jiki, ta yi lakwal a zamaninta kafin a yi mata aure. Ta dubi ƙashin, ta dubi Agali a ƙasa, ta dubi Na'Allah.

"Na'Allah, a kan wanga ka karya mutum?"

"Sammu ne. Ita da bakinta ta ce."

"Sammu ko sambol?"

Ya dubi ƙashin da ke hannunsa.

"Sambol ne, jakin banza! Na lakwal ne! Mu ƙahon akuya anka rataya muna. Duk wanda ya yi Hausa cikin aji shi a ka rataya ma, shi ma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani. Wanda ya kwana da shi, da sahe ya sha bulala. Ba ka ga sunayen yara a jiki ba? Au, na manta, ba ka karatu."

"Ƙarya ne. Ta ce Zuhura."

Zuhura ta tashi daga cikin taɓo, kayan lakwal ɗinta sun jiƙe sun yi ja. Ta durƙusa wajen ubanta tana tattara rawanin tana rufa masa a ka. Ba ta dubi Na'Allah ba, amma da shi take.

"Ran da za a ba da hutu yana wuyan Rahina. Mushe, malamin ajinmu, ya ce duk wanda hutu ya kama da shi, ya aje shi, ran rantire ya zo da shi, bulalar kowace rana ta hutun na nan na jiran shi. Ana gab da tashi ni na manta na ce da Hausa, 'Rahina, jira ni mu tahi tare.' Ta ji ni sarai. Ta dube ni. Ba ta rataya min ba."

Ta share majina da bayan hannu.

"Na ce ta ba ni, ta ƙiya. Ta ce ni ban iya shan duka."

Wanda ya shaƙo Na'Allah ya sassauta hannu da kansa. Ƙotar gatarin ta zame ta faɗi, ba wanda ya ɗauka.

Aka sauke bidon da suka rage, aka ciccibi Agali aka kwantar a kan amalankensa. Hannun na lilo ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Na'Allah ya matsa ya kama igiyar jakin, shi ma bai san mi yake nufi da hakan ba. Agali ya buɗe ido ɗaya, ɗayan ya riga ya kumbura ya rufe.

"Sakar min jaki," ya ce a hankali. "Na aro ne."

Ya saki. Zuhura ta karɓi igiyar ta ja suka nufi likita, mata biyu na biye. Yau ba ita ba lakwal.

"An kira 'yan sandan komisariya," in ji ɗaya daga 'yan kabu-kabun. "In kana da abin yi, yi shi yanzu."

Hanyar gida ba ta da nisa, amma ta yi masa tsawo. Amalanke ɗauke da dammunan hatsi na wuce shi, masu su na gaishe shi, "Sarkin fawa, yau ba nama?" Ya ci gaba da tafiya. Gaban rigarsa duk jini. Ya saba da jini a riga, kullum da shi yake komawa gida, amma wannan ji yake yana manne masa a fata.

Ya tarar da su yadda ya bar su. Hawwa'u ta jiƙa tsumma tana danna wa yarinyar a leɓe. Wuƙaƙen na ƙarƙashin cinyarta, ta zauna a kansu. Ta dubi rigarsa.

"Ka kashe shi?"

"A'a."

"To mi ka yi?"

"Na karya shi."

Rahinatu ta yi wata 'yar ƙara ta cusa fuska a cinyar uwarta.

Ya tsaya tsakar gida da ƙashin a hannu. Ya dubi turmi. Ya jefa shi ciki ya ɗauki taɓarya.

"Yanzu in dake shi ya zama gari, mu ga uban da za ya bugi wani a kanshi."

Yarinyar da ko tsayuwa ba ta iyawa ta yi tsalle ta kifa cikinta a bakin turmin.

"Baba kada ka yi! In na ɓatar da shi korata za a yi! Mushe ya ce wanda ya ɓatar kada ya sake zuwa!"

Taɓaryar na sama. Ya dubi bayan wuyanta, ƙasusuwan sun fito ana iya ƙirgawa, ga shatin yatsunsa a kafaɗarta. Ya sauke taɓaryar a hankali ya jingine.

"To ba ni wuƙata, Hawwa'u. Mushen nan za ni gani."

"Wallahi sai dai ka yanka ni ka ɗauka. Ka daki ɗiyarka, ka karya maƙwabcinka, rana ko tsaka ba ta yi ba. Bai ishe ka ba? In ka taɓa mushe, wace lakwal za ta ɗauke ta a garin ga?"

Ya tsuguna a gaban turmin. Bai iya lallashi ba, bai taɓa yi ba, bai san ta inda ake kamawa ba. Ya kai hannu zai taɓa kanta, ta ƙanƙame jiki tana jiran duka. Ya janye hannun.

"Duk hutun ga kina da shi?"

Ta gyaɗa kai.

"Mi ya hana ki gaya min?"

Hawwa'u ce ta amsa.

"Ta gaya maka? Yau da ta gaya maka ka ji?"

Ya haɗiye wannan. Ya dubi ƙasa. Kaji sun taru suna tsattsagar inda ta yi amai.

"Ke Rahina. Kina son lakwal ɗin ko ba ki so? Hwaɗa min gaskiya, ba na taɓa ki."

"Ina so."

"To gaya min dokar abin ga. Duka. Kada ki rage komi."

Ta ɗago tana shessheƙa ta gaya masa. Wanda ya yi Hausa shi ake rataya wa. Ba a ƙi, in an kama ka sai ka duƙar da kai. A waje ba ya aiki, sai an shiga ƙofar lakwal. Wanda mushe ya tarar da shi a wuya, shi ke kwanciya a kan tebur ya sha bulala.

"Ko wane ne?"

"Ko wane ne."

"Haka ya ce da bakinshi?"

"Haka ya ce."

"Wanke mata huska," ya ce wa Hawwa'u. "Sa mata kaya."

"Kai ba ka sake riga?"

"Ba lokaci."

Suka fita, ita gaba shi baya. Ta rataya ƙashin a wuya ta cusa shi cikin riga, ya yi tudu a ƙirjinta. Tafiya take kamar akuyar da ta ji warin mahauta, taku biyu ta tsaya. Bai tura ta ba. In ta tsaya shi ma ya tsaya, har ta sake ɗaga ƙafa. A kwanar masallaci ta duƙa ta yi yunƙurin amai, ba abin da ya fito. Ya tsaya ya kare ta da jikinsa daga idon masu wucewa. Mutane kuwa labari ya riga ya kai musu, masu shaguna sun fito bakin ƙofa suna kallo.

Da suka iso an riga an shiga aji. Filin lakwal fayau, sai tuta da wata akuya da ke cin takarda a gindin itacen bedi. Ta tagogi ana jin muryoyin yara suna maimaita abu da Faransanci. Rahinatu ta tsaya a bakin ƙofar ƙarfen.

Can ƙarshen layi babur ya ɓullo, ɗan sanda a kai, yana tafe yana tambayar mutane, ana nuna masa nan.

Na'Allah ya tura ƙofar ya taka ciki, karon farko a rayuwarsa. Ya juyo ya yafito ta. Ta shigo.

"Nan cikin lakwal ne?"

Ta buɗe baki, ta tuna inda take, ta rufe. Ta gyaɗa kai.

"To kin ji ni. Hausa na yi. Ga ta kuma ina ƙarawa." Ya durƙusa a gabanta cikin rairayi ya duƙar da kai. "Rataya."

Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa.

"Doka ce ko ba doka ba? Rataya, ɗan sanda na tahe."

Ta ciro igiyar ta kanta. Ta zura masa. Igiyar ta yi masa kaɗan, an yi ta don wuyan yara, sai da ya taimaka ta wuce kunnuwansa. Ƙashin ya kwanta masa a maƙogwaro, haƙoran na sukar fatarsa.

Ya miƙe. "Wane ne ajinku?"

Ta nuna da yatsa.

Ɗan sandan ya kashe babur a bakin ƙofa ya ƙwala masa kira. Na'Allah ya ɗaga masa hannu ba tare da ya juya ba, alamar yana zuwa.

Ajin cike yake, yara har ƙasa. Mushen saurayi ne siriri mai tabarau, riga fara a goge, yana rubutu a allo. A kan teburinsa akwai guntun tiyo baƙi na bulala, an aje shi a miƙe kusa da alli. Rahinatu ta shiga ta raɓa bango ta zauna a wurinta. Gefenta, wurin Zuhura, ba kowa.

Na'Allah ya cika ƙofar, aji ya yi duhu. Yara suka miƙe tsaye don gaisuwa kamar yadda aka koya musu, suka buɗe baki, sai suka ga abin da ke wuyansa. Gaisuwar ta mutu a rabi.

Ya taka har gaban tebur. Ya ɗauki tiyon ya miƙa ta wajen mariƙi. Ya yi niyyar kwanciya a tebur ɗin nan a gaban yaran duka, ya sha ko nawa ne, ya riga ya gama wannan shawarar tun a gaban turmi.

Mushe ya juyo daga allo. Ya ga ƙato a kansa, riga jina-jina, ido ja, muƙamuƙin jaki a wuya, tiyo a hannu. Allin ya faɗi daga yatsunsa. Ya ja da baya har bayansa ya bugi allo.

"Subhanallahi! Bawan Allah, lahiya? Mi na yi maka? Don girman Allah kada ka taɓa ni!"

Na'Allah ya tsaya da hannu a miƙe. Ya karkata kai kamar mai son ya tabbatar da abin da kunnensa ya ji. Sannan ya juya ya dubi yaran.

"Ni ban yi lakwal ba. Wanga da ya yi yanzu, Faransanci ne?"

Ba wanda ya motsa. Ɗan sandan ya iso bakin ƙofa ya tsaya, hannu a ɗamara, shi ma yana kallo.

Daga can jikin bango wata 'yar murya ta fito ta fasasshen leɓe, da Faransanci.

"Non."

Na'Allah ya aje tiyon a kan tebur inda ya ɗauke shi. Ya sa hannu biyu ya ciro igiyar ta kansa, ta kankare masa kunne. Ya buɗe ta a gaban mushen, ya riƙe.

"Duƙo," ya ce.